Ƙanwata Selin da Tsoho Lazar

Selin ƙanwata ce, shekara shida na ba ta. An haife ta da damina a gidanmu da ke bayan coci, a wani ƙauyen masunta kudu da birnin Kollam, kuma da damina ta rasu tana da shekara ashirin da ɗaya. Yanzu hotonta na manne a gilashin motocin haya, mata na kunna kyandir a kabarinta. Ni kuwa duk sanda na ga hoton, abin da nake fara gani shi ne 'yan kunnen da ta sa nawa ne, kuma ba ta tambaye ni ba.

Ba wata yarinyar mamaki ba ce. A makaranta tana can tsakiya. Mawaƙan coci sun taɓa roƙonta ta riƙa motsa baki kawai, don muryarta na karkatar da na kusa da ita. Tana da saurin fushi da saurin hucewa, ga son soyayyar ayaba. Abu ɗaya ne nata daban: tun tana shekara goma sha biyu ba ta fashin addu'ar safe a coci, ba kuma wanda ya sa ta.

Mahaifinmu Klitas a jirgin kamun kifin wani mai suna Lazar yake aiki. Wata rana rediyo ya yi gargaɗi kada kowa ya shiga teku. Lazar ya ce duk wanda bai fita ba kada ya ƙara dawo masa. Su bakwai suka fita, huɗu suka dawo. Bayan kwana uku igiyar ruwa ta kawo mana gawar mahaifinmu. Da Lazar ya zo gaisuwa, mahaifiyarmu, da muke kira Ammaci, ta juya fuska bango har ya tashi.

Daga nan ni da Selin muka shiga rumfar ɓare jatan lande. Tsugune muke wuni a kan siminti mai sanyi, hannu cikin ƙanƙara, yatsu duk sun tsattsage.

Shekara biyar bayan haka ɓarin jikin Lazar ya shanye. Matarsa ta riga ta rasu, 'ya'yansa maza biyu suna ƙasar Larabawa. Masu jinyar da suka ɗauko masa ba wanda ya yi wata guda, saboda bakinsa. A garin aka ce Allah ne ya kama shi, ni ma na faɗa.

Wata safiya Selin ta dawo daga coci, ba ta ko zauna ba ta ɗauki bokiti da sabulu.

Ammaci ta ce, "Ina za ki da bokitina?"

"Gidan Lazar."

"Wane Lazar?"

"Lazar nawa muke da su a garin nan, Ammaci? Na ji yana kira ta taga. Tun jiya yake kwance cikin ƙazanta."

Ammaci ta ajiye kwakwar da take kankarewa. "Idan kika taɓa mutumin nan da hannunki, kada hannun ya ƙara taɓa tukunyata."

Selin ta ce to, ta fita.

Shekara biyu aka yi haka. Ba ta sake taɓa tukunyar gidanmu ba. Ta sayi ƙaramin risho tana dama masa kunun shinkafa a can. Ammaci ta daina yi mata magana sai ta bakina: ce mata ta kwashe shanyarta, ce mata ruwa zai sauko. Safe da yamma Selin na gidan Lazar, ta wanke shi, ta juya shi, ta aske masa gemu. Bai taɓa gode mata ba. Idan kunun bai masa ba sai ya furzo mata a riga. Sunanta ma bai riƙe ba, 'yar Klitas yake ce mata.

A rumfa mata suka sa ta gaba. Da ta shigo sai wata ta ɗaga murya, "Amarya, ya angon naki?"

Ta ce, "Yana gaishe ku, da rabin bakin da ya rage masa."

Sai a kwashe da dariya, har da ita.

Sau ɗaya na tambaye ta, muna tafiya gida da rana, ko ta yafe masa ne.

Ta ce, "Ceci," haka take kirana don ni ce babba, "ni ma ban sani ba. Wani lokaci ina goge masa baya sai in ji kamar in danna kansa cikin bokitin."

"To me ya kai ki?"

"Sai in faɗa wa Yesu abin da na ji, in ci gaba da gugar. Kullum da safe ina karɓar burodin Jibin Ubangiji a coci. Ba zan iya fitowa da shi a bakina in wuce tagar nan kamar ban ji ba."

Na ce mata ba ta da hankali. Ta ce ta sani, in saya mata ayaba.

A daminar ƙarshe an yi kwana shida ana ruwa. Magudanar da ke bayan unguwa ta cika ta haɗe da kwatoci, ruwa ya kai ƙugu. Kowa ya gudu makarantar da ke kan tudu. Selin ta roƙi masunta biyu, suka ciro ƙyauren ɗakin Lazar suka ɗora shi a kai, ita tana riƙe da kansa, suka ratsa ruwan da shi. Ƙafarta da yatsunta duk ciwo ne a buɗe.

Bayan kwana goma zazzaɓi ya kama ta. Ta ce mura ce. Da idanunta suka yi ɗorawa muka kai ta asibiti. Likita ya ce cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera a cikin ruwa ce, kuma ƙodarta ta riga ta tsaya. Kwana huɗu ta yi. Ammaci na zaune a gefen gado tana ɗiga mata ruwa da cokali, tana ta kiran sunanta. Ranar Alhamis da la'asar Selin ta buɗe ido ta neme ni.

"Ceci, ba ya son kunun da zafi. Ki fifita masa."

Maganarta ta ƙarshe ke nan, a ranar ta cika.

Ban yi kuka ba. Na kalli fankar da ke juyawa a sama, na lura fiffikenta ɗaya ya lanƙwashe. Na ninke zanenta na sa a jaka. A wajen jana'iza mutane na ta faɗuwa, ni ina tsaye ina jin yunwa.

Washegarin binne ta na tafi gidan Lazar. Ba tausayi ne ya kai ni ba, ba kuma ƙiyayya ba. Ƙafata ce ta tafi. Ya dube ni da idonsa mai lafiya ya ce, "Ina yarinyar?"

Na ce, "Ta mutu."

Ya rufe idon. Na fifita kunun, ya shanye duka.

Shekara uku na yi ina zuwa. Daga sati na biyu, kullum na tashi sai in tarar Ammaci ta dama kunu ta rufe a kwano. Ba ta taɓa cewa na wane ne ba, ni ma ban tambaya ba. Da Lazar ya mutu 'ya'yansa suka zo suka yi masa babban kabari, layi uku daga na Selin, suka koma.

Kafin nan an fara zuwa kabarinta. Wata mata daga ƙauyen gaba ta ce ta roƙi Selin ta yi wa jaririnta addu'a, jaririn ya tashi bayan likitoci sun cire rai. Wasu suka biyo baya. Ammaci takan zauna a can duk Alhamis, baƙi su kama hannunta su sumbata, ta bar musu hannun kamar ba nata ba.

Bara bishop ya aiko wani limami, Fada Sailas, ya ɗauki shaidar waɗanda suka san ta, don a bincika ko coci za ta sa ta cikin waliyyai. Ya zauna a barandarmu da na'urar ɗaukar magana, ya sa na ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki. Ya tambaye ni ko na taɓa ganin wata alama ta musamman a tare da ita.

Na ce, "Tana munshari, Fada."

Ya yi murmushi, ya rubuta. Na ba shi labarin bokitin da take jin kamar ta danna kan tsohon a ciki, ina zaton zai tsallake. Ya sa na maimaita a hankali, ya rubuta kalma bayan kalma.

"Ke kina roƙonta ta yi miki addu'a?"

"A'a."

"Me ya sa?"

Na yi tunani sosai, don na rantse zan faɗi gaskiya. Na ce ban san abin da zan roƙa ba. Tun ranar asibitin nan ba abin da nake so, ba abin da nake ƙi.

Ya kashe na'urar. Ya ce sai mun yi haƙuri, irin wannan bincike yakan fi ran mutum tsawo, kuma ba wanda zai iya cewa ga inda zai ƙare. Na ce to. Na raka shi bakin titi, na tsaya har motar Kollam ta zo ya hau, sannan na koma na kwashe kofunan shayi.