Ƙafar Inna a Asibitin Fata

A ɗakin jira na asibitin fata, wata dattijuwa tana zaune ta ɗan ɗage zane. Siraran jijiyoyi shuɗaye sun bazu daga ƙwaurinta har idon sawu, kamar saƙar gizo-gizo. Da gani ta yi shekara talatin a tsaye, ko gaban allo ko bakin murhu. Yau ta zo a goge su da hasken leza.

Ɗanta sai kaɗa mukullin mota yake. "Inna, mu koma gida. A shekarunki, wa zai kalli ƙafarki?"

"Ni da nake wanke ta sau biyar kullum, makauniya ce?"

Nas na leƙowa, Inna ta miƙe ko bango ba ta dafa ba, ta ɗora masa jakarta a cinya.

"Riƙe, tunda ka rasa aikin yi."