Ta Gefena Wutar Ta Shigo

Ranar Talata ce, a rani na biyu bayan ruwan Tiga ya ci tsohon garinmu, aka mayar da mu sabon matsuguni a kan tudu. Da safe na sha koko a ƙofar ɗakin Goggo Hansai, ƙanwar mahaifina, wadda ta rene ni. Ƙafafunta sun daɗe da mutuwa. Na fito da ita rana, na jingina ta da rumbu. Ta ce kokon ya yi ruwa. Na ɗauki fatsa na gangara bakin dam.

Zan faɗi laifina tun yanzu. Bayan girbi mai unguwa ya kira gayya, ya ce a share ciyawa a kewaye gari da fili, saboda wutar daji. A tsohon gari katangar ƙasa muke da ita. A nan kuwa komai kara ne da zana. Aka raba wa kowane magidanci gefensa. Nawa ya faɗo gabas, inda gamba ta fi tsayi. Na dube ta na ga abin saƙa zana na shekara guda. Na share bakin hanya, inda ido ke gani, na bar sauran ta ƙara bushewa. Da mai unguwa ya tambaya, na ce na gama.

Da hantsi na hango shirwa suna shawagi a gabas. Sai hayaƙi, fari tukuna, daga baya ya yi baƙi. Iska tana busowa daga can. Na yar da fatsar.

Kafin na hau tudu na fara jin ƙarar. Gamba tana fashewa, tas-tas-tas, babu tsayawa. Fara suna faɗowa a kan mutane. Maza sun yi layi da ɗanyen ganye a kudu da arewa, kuma a can wutar ta zo bakin filin ta tsaya. A gefena ba ta tsaya ba. Ta bi gambar har dangar gidan farko.

"Ku bar kaya! Ku yi ruwa!" in ji mai unguwa.

Na tarar da Goggo inda na bar ta. Jinkar rumbun ta kama. Na goya ta, na ɗaure da zanenta. Hanya ɗaya ce zuwa dam, lungu tsakanin danga biyu, faɗinsa bai wuce jaki da kaya ba. Gari duka ya shiga cikinsa, har da awaki. Muka cushe. Gaba ba ta tafiya, baya wuta. Dangar dama ta kama. Na ji ƙaurin gashin kaina. Wani ya doke dangar hagu da ƙafa ta faɗi, muka bi ta cikin gidan mutane.

Wajen azahar muka isa ruwa. Ciyawar bakin gaɓa ma ta kama, sai muka shiga har ƙirji. Ba mu iya ƙara taku ba, domin daga nan rami ne, kuma yawancinmu manoma ne, ba mu iya iyo ba. Kwalekwale biyu suka kwashi masu jarirai. Hayaƙi ya kwanto a kan ruwan. Ba na ganin na kusa da ni. Tari kawai, da kukan awaki, da rumbuna suna rushewa ɗaya bayan ɗaya.

"Ku jiƙa zane ku rufe hanci!" in ji wani daga cikin hayaƙin.

Hannuwana biyu suna tallafe da Goggo. Na ce ta jiƙa mayafinta. Ta ce mini, "To, Sale." Tana tari a bayan kunnena, tana salati. Daga baya salatin ya rage. Daga baya tarin ma ya daina. Na ce a raina ta samu sauƙi. Ban juya ba. Ina tsoron in juya.

La'asar ta wuce kafin iska ta faɗi. Muka fito. Mata biyu suka kwance zanen, suka sauke ta a kan yashi. Ɗayar ta dube ni, ta ja mayafin ta rufe mata fuska.

Kafin magariba mai unguwa ya bi mu gida-gida yana kiran suna. Rabin gari ya ƙone, da dawar shekara. Awakin da ke ɗaure ba su fita ba. Mutane kuwa, a sauran gidaje kowa ya amsa. Da ya zo gidanmu ya kira suna biyu. Ni kaɗai na amsa.