Masu Shara a Hantar Taubashina

Taubashina, ɗan goggona, mai soya ne, wato mai tsire, a kusa da gadar Binuwai a nan Garwa. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa da mutunci ba. In na doso rumfarsa sai ya ɗaga murya, "Ga bawana nan tafe, a ɓoye nama!" Ni kuma in sanar da duk wanda ke tsaye cewa tsiren da yake ci na jakin da ya mutu tun zamanin Jamus ne. Ni kayan gyaran moto, wato babur, nake sayarwa a babbar kasuwa, kuma 'yan layinmu sun san halina: in na ce na ga kada a kogi, to ƙadangare na gani a bango.

A bazarar da abin ya faru, zafin Garwa ya kai inda kaza ke saka ƙwai dafaffe. Idon taubashina ya yi rawaya. Aka ce shawara ce, mai shawara kuwa a wurinmu ba a gaggawar kai shi asibiti, ana tsoron allura. Aka shiga jiƙe-jiƙe a gida. Ƙafafu suka kumbura, ciki ya taso, har na fara tambayarsa yaushe ne suna, in tanadi rago. Ranar da na yi masa tambayar bai rama ba, na tsayar da mai moto, muka sa shi a tsakiya ina riƙe da shi ta baya, sai asibiti.

Likitar mace ce, Kirista daga duwatsun arewa, Hausarta ta kasuwa, tana cike gurbi da Fulatanci da Faransanci. Bayan an ɗebi jini an haska cikin da na'ura, ta zaunar da mu, ta dubi taubashina.

"Baba, ka san hanta?"

"Madam," na ce, "hantar da mutumin nan ya yanka, in aka shimfiɗa ta sai ta kai Marwa ta dawo."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce jinin da ya taso daga hanji, da duk abin da mutum ya ci ko ya sha, sai ya ratsa ta hanta. A bakin ƙananan hanyoyin jinin akwai wasu 'yan halittu zaune. Ta faɗi sunansu da Faransanci, ya shiga ta wannan kunne ya fita ta wancan. Ta ce mu ɗauke su kamar masu sharar kasuwa: ƙwayar cuta ta zo su haɗiye, tsohon jini ya zo su haɗiye, mai jikin bai ma san ana yi ba. Shi kuwa akwai cutar da ta daɗe a hantarsa, watakila tun yana goye. Masu sharar sun shekara suna dambe da ita, suna ihu a kawo ɗauki, ihun nasu kuma shi ke sa wurin ya yi tabo, tabo a kan tabo.

Taubashina ya ce, "Ta yi tauri ke nan. Irin mai gudaji-gudajin nan da wuƙa ke gurza."

"Kusan haka."

"Irin wannan ba na sayarwa," ya ce.

Ta ce akwai sauran wurin da ke aiki. In magani ya kwantar da cutar, masu sharar nan kansu sukan taimaka wurin ya ɗan farfaɗo. Sharaɗin shi ne kada a ƙara musu kaya: ban da abin da ta rubuta, ko ɗigon jiƙo kada ya shiga bakinsa. Ta nuna ni da biro. "Kai mai baki, kai ne mai gadi."

To a wurinmu ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Kowa da kwalbarsa, kuma ka mayar wa mutum kwalbarsa daidai yake da ka ce ya zo kisa. Na dasa benci a ƙofar ɗakin da aka kwantar da shi a asibitin. Mahauta suka zo da sassaƙe. Wani falke daga Rai Buba ya zo da saiwar da ya rantse ta tayar da bijimin da aka riga aka wasa wa wuƙa. Malamin unguwarmu ya aiko da rubutu, wannan na shafa masa a jiki. Sauran kuwa in karɓa da hannu biyu, in yi godiya, in ce yanzun nan ya sha wani sai an jima, in tura ƙarƙashin gado. Da yamma matarsa ta kwashe ta juye a gindin dogon yaron da ke bayan ɗakin. Na gaya mata itacen nan ya kusa fara magana, ta shirya amsa gaisuwarsa.

Bakina bai daina aiki ba a kwanakin nan. Yana ta yi ne kamar rediyon da aka bari a kunne a ɗakin da ba kowa. Ina jin mutane suna dariya, in duba in ga ashe ni na yi magana.

Ya ɗan samu sauƙi. Ya sha kunu, ya zauna da kansa, har ya ce wa wata nas ta kula da jakarta, akwai ɓarawo a kan benci. Na ce a raina gadin nan yana biya.

Sai Goggo, mahaifiyarsa, ta iso daga Mayo-Ulo. Tsohuwa ce da ba ta gani sosai, ta sha jijjiga a hanya, rungume da ƙaramar jarka a naɗe cikin zane. Da hannunta ta dafa, irin ɓawon da ta ba shi yana yaro lokacin da idonsa ya taɓa yin rawaya.

"Goggo, kawo in ajiye miki, yanzun nan ya sha wani."

"Kai ɗan nema, matsa. Ni na haife shi ko kai?"

"Likita ta hana, Goggo."

"Likitar ce ta ba shi nono?"

Duk Garwa babu wanda ban iya juyawa da baki ba, amma yayar mahaifina ce, ita ta yi wa uwata wankan jego da aka haife ni. Ta laluba ta sami kofi, ta tsiyaya. Baƙi ne wuluk, warinsa ya cika ɗakin. Na dubi taubashina. Yana wurin ranar da likita ta yi bayani, kuma ya fi ni ganewa.

"Bari, bawa," ya ce. "Hannun Inna ne."

Ya karɓa ya shanye, ya miƙa mata kofin.

Na je na gaya wa likitar. Ta zo ta durƙusa gaban Goggo, ta yi mata magana a hankali da Fulatanci. Goggo ta saurara har ƙarshe, ta ce to. Jarkar ta koma cikin zane. Safe da yamma, in matarsa ta fita ɗebo ruwa, ina jin ƙarar tsiyaya daga bencina. Ban sake shiga tsakani ba, shi ma bai kira ni ba.

Bayan 'yan kwanaki ya fara barcin rana mai nauyi, hannunsa yana karkarwa in ya miƙa. Likitar ta ce dattin da hanta ta daina tacewa ne ya kai ga kai. Na tambaye ta ko jiƙon ne. Ta ce ba za ta rantse ba, hantar ta riga ta yi nisa, amma dai bai taimaka ba. Na ce to, na gode, kamar wanda aka gaya wa farashin taya.

Wata safiya na shiga na ce, "Mai naman jaki, tashi, masu saye na jira."

Ya dube ni ya daɗe. Sannan ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji. A ba baƙo wuri ya zauna."

Na ce, "Yauwa, sannu." Na zauna.

Ba a yi mako ba, wata rana da la'asar ya cika, Goggo na riƙe da ƙafarsa. Na kama makara tare da mutane. Abin da na fi tunawa daga maƙabarta shi ne igiyar takalmina da ta tsinke, ina ta lissafin inda zan sami mai ɗinki. A zaman makoki wani dattijo ya zolaye ni, wai taubashi ya taso ya karɓi gadon ubangidansa. Na ba shi amsa, aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Har yau ban san me na ce ba.

Ni na kai Goggo tashar mota ranar da za ta koma. Muna jiran mota ta cika ta kamo hannuna.

"Abu ɗaya ne ya sanyaya mini rai," ta ce. "Bai tafi ba sai da ya sha daga hannuna."

"Ya sha, Goggo."

"Duka ya shanye."

"Duka."

Na nema mata wuri kusa da taga, na tura ƙunshinta ƙarƙashin kujera, na tsaya har motar ta tashi. Daga nan na wuce kasuwa na buɗe shago. Wani ya zo neman sarƙar moto, na ɗauko na ba shi.