Shekara Goma Sha Biyar a Bakin Gada

Direbobi ne suka laƙaba masa Saura Kaɗan, sunan kuwa ya bi shi har gida, don matarsa ma in ta so tsokana haka take kiransa. Aikinsa yankan tikiti a bakin gada, cikin wani ɗan akurkin ƙarfe mai taga ɗaya da fankar da ta fi shi gajiya. Ka miƙa kuɗi, ya yago maka takarda, ya ɗaga sanda ka wuce.

Ranar da aka ɗauke su aiki, wani jami'i ya tara su ya yi musu bayani dalla-dalla. Rance gwamnati ta ci ta gina gadar, da kuɗin tikiti za a biya, shekara goma sha biyar cif, daga nan a cire sandar kowa ya wuce kyauta. Sauran ma'aikata ta kunnen dama ta shiga, ta na hagu ta fita. Shi kuwa, bawan Allah, ya rungumi maganar kamar shi ya sa hannu a takardar rancen.

To, mai karɓar kuɗi ba ya farin jini. An zage shi, an jefa masa kuɗi a ƙasa ya duƙa ya tsince. Amsarsa ɗaya ce kullum.

"Ku yi haƙuri, ba aljihun kowa yake shiga ba, bashi ake biya. Saura shekara tara."

"Kai ka gani da idonka?"

"Na ji da kunnena. In ba a cire ba, ku kira ni maƙaryaci."

Haka ya yi ta ƙirga musu, tara, shida, huɗu. Hayaƙin motoci ya bar masa tari, zaman kujerar roba ya cinye masa baya. Gidan haya yake, ba gona ba dabba. Abin da ya mallaka a duniya shi ne a ce maganarsa ɗaya ce, ita ɗin kuma ya ɗauka ya jingina da alkawarin wasu.

Matarsa takan ce, "Maigida, kai da ba ka ci nanin ba, don me nanin za ta ci ka? Su suka ci bashi, kai kake rantsuwa."

Ƙaninta, direban tifa, shi ya fi kowa yi masa ba'a. "Yaya, ranar da aka cire sandar nan, ni zan goya ka in haye da kai!"

Saura wata biyu wa'adi ya cika, sai ga takarda daga ofis. Gadar ta tsattsage, an ci sabon rance don gyara, tikiti zai ci gaba shekara goma sha biyu, har da ƙarin farashi. Shugabansu ya miƙa masa sanarwar da kwalbar gam.

"Baba, kai suka saba da kai. Kai za ka liƙa."

Ya liƙa ta a jikin tagar. Ya zauna yana jiran zagi, kuma wallahi ya fi son a yi shi da wuri a gama, don ya gaji.

Ba wanda ya zage shi. Kowa sai ya karanta, ya miƙa kuɗi, ya wuce. Wajen azahar surukin nasa ya iso da tifa cike da yashi, ya daɗe yana duban takardar.

"Faɗi mana," in ji Saura Kaɗan. "Na ce ku kira ni maƙaryaci."

Direban ya ƙirgo sabon farashi ya sa masa a hannu a hankali.

"Haba Yaya, kada ka sa a ranka. Da ma mu mun san ba za a cire ba. Ganin kana jin daɗin faɗa ne ya sa muke tambayar ka."

Saura Kaɗan ya ɗaga masa sanda ya wuce. Motar baya ta yi ta hon kafin ya tuna bai yago tikiti ba.