Ganin Ɓerayen Saurayin Ƙanwata

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, ni da kawunmu, muka nufi Katsina binciken saurayin ƙanwata. An kai wa Baba tsegumi cewa yaron ɓeraye yake kiwo, shi kuma ya rantse in tsafi ne babu aure. Ni tun ranar da na ga irin kallon da suke wa juna na san ƙarya ne, sai dai Baba ba ya karɓar shaidar zuciya.

Kuɗin mota ya ƙaru, wurin zama ya ragu. Daga Bichi har Kankiya kawu na riƙe da gwiwarsa mai ciwo, duk ramin da muka faɗa sai ya yi salati. A Charanci muka sha fura mai sanyi, ina kallon gonakin gero ina tunanin kalar ankon biki.

A Ƙofar Marusa maƙwabtansa suka yabe shi. Wani tela ya ce, "Yaron kirki ne, Alhaji, amma mu ma ba mu san mi yake yi da ɓerayen nan ba."

Sai muka same shi a wurin aikinsa, wani ɗakin binciken kimiyya. Ɓerayen farare ne tas, ɗakinsu ya fi nawa sanyi. Ya sa na leƙa madubin likita, na ga yankan guringuntsin jaririn ɓera an rina shi shuɗi, sai ka ce shadda. Ya ce zaren da ke riƙe guringuntsi sunansa kolajin, kuma akwai ƙwayar gado da ke ba jiki umarnin saƙa shi. Tsarinta yake nazari, da lokacin da take fara aiki, don namu jikin ma haka yake yi.

Kawu ya dafa gwiwarsa. "To malam, za ka warkar min da wannan?"

Na yi ta ƙyafta wa saurayin ido don ya ce e.

"A'a, Alhaji, aikina bai kai nan ba. Wataƙila jikokinka su amfana. Kai dai a kai ka asibiti."

Na ce a raina, shi ke nan, aure ya watse. Muka kamo hanyar Kano.

Muna shiga gida, ko takalmi bai cire ba, ya ce da Baba, "A ba shi. Yardata yake nema, amma ya ƙi yi min ƙarya."

Na tafi ina jiran zaƙin baki ya ceci auren nan, ashe gaskiya ce za ta cece shi. Anko kuwa shuɗi za mu yi.