Allon Ya Kawo Haske Bayan Tafiyarka, Tahiru

Daga Allah muke, gare Shi muke komawa. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu na 2025, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran Malam Tahiru Ɗan Bala, mai haɗa kwamfuta da gyaranta a bakin kasuwar Cadawa, bayan ciwon hanta da ya daɗe yana ɓoye mana. Ni ne Nomau tela, wanda shagonsa ke jingine da nasa. Na so in rubuta wannan da hawaye kaɗai, amma akwai takaicin da ke cina, sai na faɗe shi zan sami sauƙi.

Tahiru, kai ne ka bar cinikin ranar kasuwa ka zauna da tsohuwar nan da ake kira Baturiya har ka fito mata da hotunan ɗanta marigayi daga wayar da ta faɗa randa. Ta miƙo maka goro, ka raba biyu ka mayar mata da rabi. In kekena ya ƙi ɗinki, kai ke shigowa kana yi mini tsiya cewa ba ni ba shi mai. Duk wanda ya kawo maka injin da ya ƙi nuna hoto, ina jin ka ta bango kana cewa, "A fara duba waya kafin a zargi inji." Har na haddace maganar.

To, wannan mutumin ne aka kira macuci yana kwance bai iya juya kansa. Tir!

Chindo mai ɗaukar hoton buki a Gangara shi ya sa ka haɗa masa sabuwar kwamfuta. Kana dafe da ciki ka haɗa ta, ka kunna a gabansa da gabana, hoto ya fito tas. Ka ce ya sa ta cikin mota, a kwantar da ita kan katifa. Sai ya ɗaure ta da roba a bayan moto, wato babur, kan buhun albasa, ya bi hanyar gargada. Da ya isa gida ya kunna, fanka na juyawa, fitila ta kama, allo kuwa baƙi ƙirin. Bai kira ka ba. Ya ɗauki murya ya watsa a zauren WhatsApp na ƴan garinmu, wai ka cire kayan kirki ka cusa masa matattu. Bayan nan ya turara mata hayaƙi ya rataya mata laya, wai ko hannu aka sa mata. Har masu sallah sahu ɗaya da kai sun tura muryar gaba, ba wanda ya tako ya tambaye ka.

Ina bakin gadonka ranar da ka sa matarka Rabi'atu ta kira maka shi. Da ƙyar murya ke fita, ka ce, "Chindo ɗan'uwa, duba bayan akwatin. Wayar allo ba ramin sama take shiga ba, na ƙasa ne, wajen katin hoto. In ya ƙi, kashe wuta ka buɗe, ka cire ram, ɗan siririn katin ƙwaƙwalwar injin, ka mayar har ka ji ya ce ƙas. Hanya ce ta girgiza shi." Ya ce ba ya son dogon turanci, ya katse. Ka juya fuska bango.

Ranar addu'ar uku liman ya nemi jama'a su yi maka shaida. Kowa ya faɗi alheri. Chindo na zaune kan tabarma, hannunsa dumu-dumu da gumbar sadakarka, ya ɗaga murya ya ce, "Allah dai Ya yafe masa abin da ya yi mini." Ɗanka Mudassir ya sunkuyar da kai, wasu dattawa suka ce amin. Na miƙe na ce ba wanda zai tashi sai an kawo injin nan. Aka ce in yi haƙuri, wurin makoki ne. Na ce saboda wurin makoki ne, don ba za a naɗe tabarmar nan da ƙazafi a kanka ba.

Aka tura mota Gangara ta ɗauko kwamfutar, tana ta ƙaurin hayaƙi. Muka jawo wuta daga cikin gida. Ni da ban san komai ba sai allura da zare, na sa Chindo ya jona ta yadda ya yi a gidansa. Ya tura wayar ramin sama. Na zare na sa ta ƙasa, na kunna. Allo bai motsa ba. Na ji wani a bayana ya ce, "Ai ka gani." Na tuna sauran maganarka. Na kashe wuta, na kwance murfin, sai ga ram ɗin ya ɗaga gefe guda. Na cire shi na mayar, na danna har ya ce ƙas. Na yi bisimilla na kunna. Allo ya kawo haske, liman ya yi kabbara.

Chindo ya hau kame-kame yana neman gafara, yana kallon wannan yana kallon wancan, don wanda ya dace ya roƙa yana ƙarƙashin ƙasa. Sai Rabi'atu ta aiko daga ɗakin takaba. Ta ce a gaya masa, tun daren da ya katse wayar ka ce da ita ka yafe, kuma in ya kawo injin bayan ranka kada a kore shi. Wannan saƙon ya fi komai karya mini zuciya. Ƙazafinsa ya zaga har Agye da Gazawa, amma neman gafararsa mutanen da ke kan tabarma kaɗai suka ji, kuma har yau bai ɗauki wata murya ya tura zauren ba. Kai ka yafe, Tahiru. Ni ina nan ina roƙon Allah Ya ba ni irin zuciyarka, don har yanzu ban samu ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ciwon da ka sha da zargin da ka haɗiye su zama kaffara. Allah Ya ba Rabi'atu da Mudassir da dukan zuriyar Ɗan Bala haƙurin rashinka. Mu kuma Ya kare bakunanmu daga cin naman wanda ba ya iya tashi ya kare kansa, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.