Famfon Kufan Tungar Yari

Baba Maccido ƙanen mahaifina ne, manomin albasa, kuma shi ne babba a Tungar Yari tun kafin a haife ni. Mutum ne mai taurin kai, Allah na gani. In yac ce a'a, ko jaki ya fi shi sauƙin juyawa.

Shekara huɗu ke nan da gulbi yac cinye rabin tungar a damina guda. Mutum bakwai anka rasa, cikinsu har da matarshi, Inna Husainatu. Waɗanda sunka saura sunka kwashe komatsansu sunka hau tudu kusa da Rimawa, anka kafa bukkoki. Tudun ba ruwa. Jikarshi Kausar, 'yar shekara tara, kullum sai ta yi tafiyar awa guda da jarka a kai kafin ta zo makarantar da nike koyarwa, ta iso tana gyangyaɗi.

Sai ga gwamnati ta fito da wani tsari a waya. An sa taswirar ƙauyuka duka, kowa na iya buɗewa ya ga inda za a gina famfo ko aji, kuma ana tambayar babban kowane gari ya tabbatar ko akwai mutane a wurin. Ni ke da babbar waya a danginmu, don haka ni nak kai mishi.

Da na buɗe taswirar, hoton tsoho ne, tun kafin ambaliya. Ga rufin ɗakinshi, ga rumbuna uku, ga albasa shanye a tsakar gida. Kusa da rijiya akwai wani ɗan farin ɗigo. Yad daɗe yana kallo, yac ce, "Husainatu ce. Mayafinta ne wanga." Ni dai ɗigo nag gani, amma ban iya musa mishi ba.

Nak karanta mishi tambayar: akwai mutane a Tungar Yari, ko babu kowa?

"Mi kike nufi da babu kowa?" in ji shi. "Ubana na nan kwance, uwata na nan, Husainatu na nan. Garin da ke da makwanta ba a ce mishi babu kowa. Danna akwai."

Nac ce, "Baba, masu rai suke tambaya."

"Danna akwai, ɗiyata."

Nad danna. Har yau in na tuna, yatsan nan nawa haushi yake ba ni.

Bayan wata biyar 'yan kwangila sunka zo da motarsu. Sun ga kango, sun ga ciyawa har gwiwa, amma abin da ke rubuce sunka bi. Sunka haƙa famfo mai aiki da hasken rana a tsakiyar kufai, sunka ɗauki hoto, sunka tafi. Tanki ya cika ya tumbatsa, ruwa na zuba ƙasa tun safe har la'asar, ba mai sha sai awakin makiyaya. Daga tudunmu zuwa can ya fi rafin da Kausar ke zuwa nisa. Wallahi na yi kuka, kukan takaici.

Baba kuwa sai ya rame, ya bar zaman majalisa. In ya ga Kausar ta dawo da jarka sai ya juya fuska bango. Wani lokaci yakan kira ni ya ce in buɗe mishi garin, ya zauna yana kallon ɗigon nan har wayar ta yi zafi.

Bana anka sake buɗe tambayar, anka ce duk garin da ya tashi a faɗa, a nuna sabon mazauni, za a kai famfo can a kuma sauya hoton taswira. Na faɗa mishi komai, ban ɓoye zancen hoton ba. A satin ne Kausar taf faɗi da jarka a hanya, hannunta yak karye.

Ranar Laraba bayan azahar yak kira ni. Yac ce in buɗe. Yak kalli gidan nashi kallo mai tsawo, sannan yac ce in nuna mishi inda ake danna babu kowa. Na miƙa hannu zan danna mishi, yab buge yatsana. Da babban yatsanshi mai kanta yad danna.

"Ku gafarce ni," in ji shi a hankali. Ba da ni yake ba.

An gina famfon a tudu kafin girbin gero, taku ashirin daga ƙofarshi. Kausar na zuwa makaranta da wuri yanzu. Shi kuwa Baba bai taɓa kurɓar ruwan ba ko sau ɗaya. Kowace safiya yakan ɗauki butarshi da sanda ya gangara kufai, tsoho mai shekara saba'in da wani abu, ya ɗebo na sha a can. Na tare shi rannan nac ce ya ji tausayin ƙafafunshi. Yac ce, "Na faɗa ma gwamnati babu kowa. To, su da ke kwance can, in ban je ba, wa zai je su san ƙarya na yi?"